Akwatin da ke Yoyo a Bawku

Motar ta faɗa wani rami bayan an bar Salaga kaɗan, kwamfutar ta zame daga cinyar Mudassira. Ta cafe ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana danne da waya a kunne.

"Baba Mashud, sake faɗa min. Nawa ya rage?"

"Talatin da huɗu," in ji muryar daga Bawku. "Ɗazu talatin da shida ne."

Ta rubuta a bayan tikitinta: tara da rabi, talatin da huɗu.

"Kar ka kashe shi, don Allah. Ko me za a yi, kar ka kashe shi."

"Na ji, 'yata. Ina nan zaune gabansa."

Kamfaninsu ɗan mitsitsi ne, mutum bakwai duka-duka, da ofis mai ɗaki biyu a Yendi. Aikinsu sa akwatunan intanet a ƙananan asibitoci, ɗaya a Salaga, ɗaya a Yendi, ɗaya a Bawku, don nas-nas su riƙa aika hoton cikin masu juna biyu wa likita a Tamale. Mudassira ce ta rubuta sashen kod ɗin, wato rubutattun umarnin da na'urar ke bi, da ke karɓar wayoyi da kwamfutoci a cikin akwatin. Mashud kuwa shi ke kula da na Bawku. Mutum ne mai shekara hamsin da 'yan kai, kuma shi ya fara koya mata haɗa waya da hawa soro tun ba ta san komai ba.

To na Bawkun nan ya mutu sau huɗu a wata ɗaya. Idan aka kunna shi yana tashi da wajen mega saba'in na memori, wato filin da yake aiki a ciki. Sai filin ya yi ta raguwa, ya yi ta raguwa, har ya ƙare, akwatin ya sandare da koren fitilarsa a kunne kamar lafiya lau. Masu aikin suna kiran wannan yoyo: wani wuri a cikin kod yana aron fili ya yi aiki, ya gama, ya ƙi mayarwa. Idan aka kashe aka kunna, komai ya dawo daidai, shaida kuma ta goge. Shi ya sa take roƙon tsoho ya bar shi ya ci gaba da zuba.

Jiya Manaja Zainudeen ya kira ta ya ce ya gaji. Yau ƙarfe huɗu zai sallami Mashud. Hujjarsa kuwa takardar da ita kanta ta sa wa hannu mako biyu da suka wuce, inda ta rubuta cewa ta gwada kod ɗin kwana goma a ofis bai yi ko tari ba, don haka matsalar ba daga wajenta take ba. Tunda ba daga wajenta ba ce, na Salaga da na Yendi kuma suna aiki garau, ai saura mutum ɗaya. Manaja ya riga ya haɗa labarinsa tsaf. Ƙarshen watan jiya ya je Bawku ya tarar da mutane jingim a ƙarƙashin bishiyar dogon yaron asibitin suna kallon bidiyo, domin Mashud ba ya iya hana kowa faswod. Ya yi faɗa, ya sa aka canza shi a gabansa. Daga makon ne akwatin ya fara mutuwa. A ganin Manaja, tsoho ne ya ji haushi yake taɓa shi a ɓoye.

Mudassira ba ta yarda da wannan ba ko kaɗan. Amma tsoro take ji, tsoro sosai, don ita ma ba ta da wani labarin da za ta ba da.

Ta buɗe kod ɗin ta soma bi layi-layi. Duk inda aka ari fili, ta nemo inda aka mayar. Aikin kenan, ba wata dabara a ciki, sai dai layukan sun fi dubu shida, motar kuma tana girgiza ta har haruffan suna hawa juna. Sabis ɗin hanya ya isa magana amma bai isa ta shiga akwatin daga nesa ba. Idanunta a Bawku su ne Mashud da wata tsohuwar kwamfuta da ya jona, yana buga umarni ɗaya da ta koya masa yana karanto mata lamba.

Matar da ke gefenta ta leƙo. Hajiya Abida ce, mai fataucin hatsi, maƙwabciyar su Mudassira a Salaga, irin matan da ba sa ganin abu su yi shiru.

"Ke 'yar nan, tun tasha kike zare ido a wannan abu. Jarrabawa ce?"

"Aiki ne, Hajiya."

"Aikin da ke hana mutum cin gyaɗa ai ya yi yawa. Ungo."

Ta karɓa don kar magana ta yi tsawo, ta riƙe a hannu ba ta ci ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta sake kira.

"Ashirin da biyar," in ji Mashud.

Shekaranjiya da jiya lambar ba ta motsa ba, talatin da takwas daga safe har yamma. Yau kuma tara a cikin awa ɗaya da rabi. Haba! Wane irin yoyo ne wannan mai hutawa kwana biyu?

"Nas Taslima tana aika hotuna da yawa ne yau?"

"Uku kacal tun safe."

"Wani ya jona sabuwar na'ura?"

"Ba wanda ya shigo ɗakin nan sai ni."

"Baba, ka tabbata ba ka sake ba wa kowa faswod ba?"

Tun kafin ya amsa ta ji kunya ta lulluɓe ta.

"Ban ba kowa ba," ya ce a hankali. "Ƙanwar matata ma ta tambaya na hana ta. Har yau ba ta gaishe ni."

"Yi haƙuri, Baba."

"Ba komai. Tambaya aikinki ce."

Ta juya tikitin. A can gefe ta riga ta jera ranakun da akwatin ya mutu: uku ga wata Lahadi, tara Asabar, goma sha biyu Talata, ashirin da ɗaya Alhamis. Yau Laraba, ashirin da bakwai. Ta yi mako biyu tana kallon ranakun nan. Ta nemi ko ranar awo ce, ko ranar allurar yara, ko ranar da ake ɗauke wuta. Manhajar da ke zana mata hoton aikin akwatin mako-mako take zanawa, Litinin zuwa Lahadi, kuma a hoton ba abin da ya hau kan wani. Ranakun a warwatse suke kawai.

Sun shiga Bimbilla sha biyu da rabi. Direba ya tsaya sauke buhuna, ya ce minti goma, wanda kowa a motar ya san rabin awa ke nan. Mudassira ta fita ta raɓe a inuwar wani shago ta kira. Da ƙyar take jin sa. Hon, ƙarar moto, wato babur, wani yana ta kwarara kiran masu sayen albasa.

"Sha shida!" ya yi ihu.

"Me ke faruwa a wajen ne? Ba na jin ka!"

"Bari in rufe taga. Yau kasuwa, ai kin san yadda take. Moto har bakin ƙofarmu suke ajiyewa."

Ta tsaya cak da wayar a kunne. Ta zaro tikitin. Daga uku zuwa tara, shida. Daga tara zuwa sha biyu, uku. Daga nan tara. Daga nan shida. Ta koma mota da sauri har tana tuntuɓe.

"Hajiya, kasuwar Bawku kwana nawa take ci?"

"Uku-uku mana. Ba irin tamu ta Salaga ba mai kwana shida. Ke da kika yi makaranta har Kumasi ba ki san wannan ba?"

Ta sani. Wallahi ta sani, a gidan fatake ta tashi, tun tana ƙarama take jin ana lissafin tafiya da kasuwa ba da mako ba. Amma da ta zauna gaban kwamfuta sai ta koma ƙirga kwana bakwai-bakwai kamar yadda manhajar ke ƙirgawa, kasuwa kuwa ba ruwanta da Litinin ko Juma'a.

A Bimbilla sabis ya ɗan yi ƙarfi. Ta jona kwamfutar da wayarta, ta samu ta shiga akwatin Bawku da ƙyar, kowane harafi sai ya yi tunani kafin ya fito. Ta buɗe rajistar abin da ke faruwa a ciki. Layuka suka yi ta gudu: waya ta nemi shiga, faswod ba daidai ba, an ƙi. Wata waya, an ƙi. Wata, an ƙi. Ta sa aka ƙirga mata. Wayoyi ɗari huɗu da sha biyu daban-daban tun asuba, kowace ta gwada ya fi sau goma.

Ashe abin da ke faruwa ke nan. Duk wanda Mashud ya taɓa ba wa faswod, da wanda shi ma ya ba wa ɗan'uwansa, wayarsu tana riƙe da tsohon. Ranar kasuwa su shigo daga Kulungugu da ƙauyuka, su ajiye moto a jikin katangar asibiti, wayar tana aljihu tana ta ƙwanƙwasa ƙofa da kanta, mai ita bai ma sani ba.

Direba ya danna hon. Sabis ya yanke tun ba su fita gari ba, amma yanzu ta san inda za ta duba. Ta bar sauran layukan ta tafi kai tsaye inda kod ɗin ke karɓar baƙuwar waya. Ga inda yake aron fili ya ajiye bayananta. Ga inda yake duba faswod. Idan daidai ne, wayar ta shiga, ranar da ta fita a mayar da filin. Idan ba daidai ba ne, sai ya rubuta an ƙi, ya juya ya fita. Shi ke nan. Ba ya mayar da komai. Kamar a shimfiɗa wa baƙo tabarma, a sallame shi daga ƙofa, a bar tabarmar a shimfiɗe, na gaba ya zo a shimfiɗa wata.

A gefen layin akwai sunan wanda ya rubuta da ranar. Sunanta ne, shekara biyu da suka wuce. Kwana goman da ta yi tana gwaji a ofis, ko sau ɗaya ba ta sa faswod na ƙarya ba. Me zai sa? Ita ce ta sa faswod ɗin, ta san shi.

Ta rufe kwamfutar. Ta yi ta maimaita jimlar da ta rubuta a takardar nan, matsalar ba daga wajena take ba, da irin yadda ta ja layi a ƙarƙashin sa hannunta tana jin kanta.

"Lafiya?" in ji Hajiya Abida.

"Na gane abin da nake nema."

"To ai sai ki yi murna. Kin yi fuska kamar an aiko miki da mutuwa."

Suka iso Yendi biyu da rabi ta wuce. Ta haye bayan moto daga tasha, ta shiga ofis da ƙura har gira. Ba kowa sai fanka. Ta janyo akwatin gwaji daga kan kabad, irin na Bawku sak, ta kunna. Ta ɗauki wayarta ta sa faswod na ƙarya. Ma'aunin da ke nuna filin da aka ara ya ƙaru da ɗaya. Ta sake, ya ƙaru. Sau ashirin ta yi, ya hau ashirin ya tsaya a can, ko ɗaya bai sauko ba.

Ta ƙara layi ɗaya kafin ƙofar fitar, wanda ke cewa a mayar da filin. Ta duba sauran ƙofofin fita na wannan sashe, ta samu wata mai irin ciwon, inda waya ke ɓacewa ana tsakiyar gaisuwa, ta gyara ita ma. Ta haɗa kod ɗin, tana sauri har ta yi kuskuren bugawa sau biyu. Ta ɗora a akwatin gwaji ta sake sa faswod na ƙarya. Ya hau ɗaya, ya sauko. Ta yi sau hamsin. Ya hau, ya sauko.

Uku da kwata ta kira Bawku.

"Huɗu," in ji Mashud. Ko sallama bai yi ba.

"Na turo gyara, ya shiga. Yanzu kashe ka kunna."

"A'a, dakata. Taslima tana aika hoto. Wata mata aka kawo a motokin, mai ƙafa ukun nan, jini take zubarwa, likita yana jira."

"Baba, idan ya kai sifili shi da kansa zai sandare, hoton ma ba zai tafi ba!"

"Saura kaɗan, in ji ta. Lambar ta koma uku da rabi yanzu."

Mudassira ta miƙe tsaye, ta zauna, ta sake miƙewa. Ba abin da za ta iya yi daga Yendi. Tana jin numfashinsa a wayar, da hayaniyar kasuwa can nesa, kowane moto da ya tsaya a bakin katangar nan yana cire wani abu daga abin da ya rage.

"Uku."

"Tambaye ta!"

Ta ji ya ɗaga murya, ta ji muryar mace ta amsa daga wani ɗaki.

"Biyu da rabi. Ta ce ya kusa."

"Ya Allah."

"Biyu." Can sai ya ɗaga murya. "Ya tafi! Ta ce likita ya gani."

"Kashe!"

Minti biyu akwatin yake ɗauka kafin ya tashi. Ta ƙirga su a agogon bango.

"Saba'in da ɗaya," ya ce.

"Zauna ka ci gaba da dubawa. Zan kira ka."

Ta yi alwala a famfon baya ta yi azahar da ta kuɓuce mata, ta haɗa da la'asar. Da ta idar ta shiga akwatin daga kwamfutarta. Wayoyin kasuwa suna nan suna ƙwanƙwasawa, ana ƙin su, lambar tana nan saba'in da ɗaya.

Manaja Zainudeen ya shigo huɗu saura biyar, yana goge wuya da hankici. Ba mugun mutum ba ne, amma mutum ne da idan ya yanke magana ba ya son a sa shi ya sake tauna ta. Ta juya masa kwamfutar ta yi masa bayani tiryan-tiryan, kasuwa, tsohon faswod, layin da babu. Ya saurara yana kaɗa mukulli. Idonsa ya tsaya a wuri ɗaya.

"Ɗari huɗu da sha biyu? To ai ga shi nan. Rabin Bawku ya raba wa faswod."

"Ya raba, Manaja, kuma ka yi masa faɗa a kai, an wuce wurin. Wata takwas yana rabawa akwatin bai mutu ba. Makon da aka canza faswod ya fara mutuwa, kuma abin da ya kashe shi layina ne. Baba Mashud bai taɓa komai ba. Takardar da na rubuta maka ba gaskiya ba ce. Ban gwada abin da ya kamata in gwada ba."

Ya daina kaɗa mukullin.

"Kin san takardar nan taki ita na aika wa masu ɗaukar nauyin aikin?"

"Na sani. Zan rubuta wata da sunana. Ni dai kar ka ba Baba Mashud takardar sallama."

Manaja ya kawar da kai ya kalli fanka.

"Na riga na ba shi."

"Ka ce ƙarfe huɗu!"

"Huɗu na ce zan sanar da ku. Shi tun safe na tura masa a waya, don kar ya ji a bakin wani." Ya zaro wayarsa ya duba. "Ya karanta tara saura goma."

Tara saura goma. Ita kuwa tara da rabi ta fara kiran Mashud. Duk lambar da ya karanto mata yau, da takardar sallama a aljihunsa ya karanto. Har da lokacin da ta tambaye shi ko ya sake raba faswod. Hawaye suka cika mata ido, ba ta damu ta ɓoye su ba. Ta kira shi ta buɗe lasifika ta ajiye wayar a kan tebur tsakaninta da Manaja.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa min ba?"

Ya ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Kina hanya, kina aiki. In faɗa miki ki yi yaya? Kuma ɗakin ba wanda zan bar wa."

"Ba kai ba ne, Baba. Ni ce. Layi ɗaya na manta shekara biyu da suka wuce, sannan na rubuta cewa ba ni ba ce."

Kasuwa ta fara watsewa, ana jin motoci suna tashi ɗaya bayan ɗaya.

"To," ya ce. "Alhamdu lillahi da aka gane. Wallahi har na fara zargin kaina, ko tsufa ne yake sa in taɓa wani abu in manta." Ya yi gyaran murya. "Mudassira, yanzu zan rufe in tafi gida. Ban faɗa wa matata Samiratu ba tukuna, da safe na kasa. In faɗa mata, ko in bari?"

Ta tura wayar da yatsa har ta tsaya a gaban Manaja.

Manaja Zainudeen ya kalli wayar, ya kalli Mudassira, ya shafa fuska da tafin hannu. Sannan ya sunkuya kusa da ita.

"Malam Mashud, ni ne. Ka bari. Gobe ka buɗe ɗakin kamar kullum."

Ya janyo aljihun tebur ya fito da farar takarda mai tambarin kamfani, ya ajiye mata da biro a kai. Mudassira ta goge ido da gefen mayafi, ta ja kujera, ta soma takardar gyara da sunanta.